Ko Ka Sani? Maciyin da Ke Rarrafe a Cikin Jikinka

Ko ka san cewa a kowace daƙiƙa jajayen ƙwayoyin jininka sama da miliyan biyu ne ke ƙarewa? Kada hankalinka ya tashi, lafiyayyen jiki haka yake. Kowace ƙwaya takan yi kwana 120 ko kusa da haka tana zaga jijiyoyi, daga nan ta tsufa, jikinta ya yi tauri, ta kasa ratsa 'yan matsattsun hanyoyin da ke cikin saifa. Da za a bar gawarwakin nan inda suka faɗi, da ba a je ko'ina ba jini ya cushe. To akwai mai kwashe su dare da rana. Masana suna kiransa makrofaj.

Shi ma ƙwayar halitta ce guda, daga dangin fararen ƙwayoyin jini, kuma sai an jera kamar hamsin kafin su cika milimita ɗaya. Amma duk wanda ya kalle shi da ransa a madubin likita, da wuya ya yarda cewa ba wata dabba ba ce mai zaman kanta. Ba shi da tsayayyar siffa. Yakan miƙa wani sashe na jikinsa gaba, ya kama wuri, ya jawo sauran. In ya taɓa abin da bai yarda da shi ba, sai fatarsa ta tashi ta ko'ina ta zagaye abin, ta haɗe a samansa. Abin ya shiga ciki ke nan, a wata 'yar jaka, inda za a zuba masa ruwa mai tsami da sinadarai masu narkarwa. Ƙwayar cuta, matacciyar ƙwayar jiki, ƙura, ɓurɓushin ƙashi, duk hanyarsu ɗaya.

Ba kuma ci kawai yake yi ya goge baki ba. Jikin babban mutum yana bukatar ƙarfe kamar miligiram 20 zuwa 25 kullum don ƙera sabon jini, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram ɗaya zuwa biyu ba. Ragowar daga wurin makrofaj take fitowa. Ɗan jari-bola ne na cikin jiki: ya tsinci tsohuwar ƙwaya, ya farfasa ta, ya ware ƙarfen, ya aika da shi ɓargo a sake ƙera sabuwa. Abin da ya rage na jan launin jinin kuma yakan zama wani rawayan sinadari da hanta ke fitarwa ta matsarmama. In ƙwayoyin jini suna fashewa fiye da kima, kamar yadda ake gani ga mai sikila ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya yi wa mugun kamu, rawayan nan yana taruwa har ya bayyana a farin ido, mutane su ce shawara. Kumburin saifa da ake yawan samu ga yara a wuraren da sauro ya yi yawa shi ma yana da alaƙa da wannan aiki, don saifa babbar matattararsu ce.

Wata dabbar teku ce ta tona asirinsa. A ƙarshen shekarar 1882 wani masanin dabbobi daga daular Rasha, Ilya Mechnikov, yana zaune a Mesina, bakin teku a tsibirin Sisili na Italiya. Abin da yake nazari shi ne jariran tauraron teku, wata halitta mai hannuwa biyar da ke jan ciki a ƙasan ruwa. Jariranta garai suke, ana hango cikinsu ba sai an yanka ba. Ya lura da wasu ƙwayoyi da ke yawo a cikinsu, sai tunani ya zo masa: anya ba masu tsaron jikin ba ne? Bisa labarin da ya bayar da kansa, ran nan iyalinsa sun tafi kallon wasan birai. Ya fita lambu ya tsinko ƙayar furen wardi, ya soka a jikin jariran. Daren nan bai runtsa ba. Da sassafe ya leƙa, ya tarar ƙwayoyin nan sun yi dafifi sun lulluɓe ƙayar. Ga dabba ba jijiyar jini, ba ƙwaƙwalwa, amma ga masu kai ɗauki.

A lokacin likitoci da yawa suna ganin fararen ƙwayoyin da ke taruwa a mugunya masu yaɗa cuta ne, su ke ɗauke da ita zuwa sassan jiki. Mechnikov ya ce a'a, cinye ta suke yi. An sha musu da shi, musamman masanan Jamus, waɗanda suka fi yarda cewa kariyar jiki tana cikin ruwan jini ne. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich, jagoran wancan ɓangaren. Kowannensu ashe rabin gaskiya ya riƙe.

Tun daga nan aka saba kiran irin waɗannan ƙwayoyi sojojin jiki, haka ma ake koya wa yara a makaranta. Ni kam ina ganin sunan ya rage musu daraja, domin yaƙi ƙaramin abu ne a cikin aikinsu. Kusan babu gaɓar da ba su da mazauni a cikinta. Na hanta suna tace jinin da ya taso daga hanji. 'Yan uwansu na ƙashi suna gwaguyar tsohon ƙashi don a gina sabo. Na ƙwaƙwalwa suna datse hanyoyin sadarwar da ba a amfani da su lokacin da yaro ke girma, kuma a 2010 masana suka nuna cewa waɗannan tun tayi yana 'yan makonni suke shiga ƙwaƙwalwa, su ci gaba da hayayyafa a can har tsufa. Na huhu kuwa, in hunturu ya kama, iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe garuruwanmu da hazo, su ne ke haɗiye ƙurar da ta kuɓuce wa hanci ta kai can ƙasan huhu. Wasunsu su hau maƙogwaro da kayansu, a tofar da su cikin kaki. A nan ne kuma ƙwayar tarin fuka ke yi musu wayo. Takan bari a haɗiye ta, sannan ta hana jakar nan haɗuwa da ruwan narkarwa, ta yi zamanta a cikin wanda ya cinye ta, wani lokaci shekara da shekaru.

Ko jarfa ma da hannunsu a ciki. Me ya sa baƙin da aka cusa a fata ba ya gogewa, alhali fata kullum sabuntawa take yi? A 2018 wasu masana a Marsai ta Faransa suka yi wa ɓeraye zane a wutsiya da koren tawada, suka ga makrofaj ne suka haɗiye tawadar suka kasa narkar da ita. Da aka kashe waɗannan makrofaj ɗin, tawadar ta zube a wurin, sababbi suka zo suka sake haɗiye ta. Zanen bai motsa ba.

Babban aikinsu, a ganina, shi ne gyara. Akwai wata dabbar ruwa a Meziko, aksolotil, dangin kwaɗi amma mai jiki irin na ƙadangare, wadda in aka yanke mata ƙafa sai wata ta tsiro cikin 'yan makonni, da ƙashinta da yatsunta. A 2013 James Godwin da abokan aikinsa a Jami'ar Monash ta Ostareliya suka kawar da makrofaj daga jikinta kafin su yanke ƙafar. Ƙafa ba ta tsiro ba, dungu kawai ya yi tabo. Da makrofaj suka dawo aka sake yanke dungun, sai ga ƙafa ta fito. A jikinmu ma, in an ji rauni, da farko sukan zo da zafi su kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan kwanaki sai su sauya hali: su kira sababbin jijiyoyin jini, su sassauta naman da ke kewaye don sabuwar fata ta samu hanya, su kuma lallashi sauran fararen ƙwayoyi cewa faɗa ya ƙare.

Wannan halin na biyu shi ne ƙofar da ciwon daji, wato kansa, ke shiga.

Tun 1863 Rudolf Virchow na Jamus ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari. An daɗe ana ɗauka cewa sun je yaƙi ne. A wasu nau'o'in ƙari sukan kai rabin nauyinsa, wato abin da likita ke taɓawa ya ji tauri, wani babban kaso nasa ba ƙwayoyin kansa ba ne. A kansar Burkitt, wadda ta fi kama muƙamuƙi da cikin yara a yankunan Afirka masu zazzaɓin sauro, har da namu, likitan gwaji yakan gane ta da su: a madubi sai a ga fili shuɗi mai duhu, cike da ƙwayoyin kansa manne da juna, da ɗigo-ɗigo masu haske nan da can. Ɗigon nan makrofaj ne, cikinsu cike da matattun ƙwayoyin ƙarin. Likitoci kan ce musu taurari a sama. Sai dai da aka fara ƙirga su a jikin marasa lafiya, lissafi ya juye. A kansar mama da wasu da dama, inda makrofaj suka fi yawa, can cutar ta fi muni. Kansar babban hanji ce wasu bincike suka nuna ta saɓa wa wannan.

A 1986 Harold Dvorak na Jami'ar Harvard ya kawo bayani mai gamsarwa: ƙari gyambo ne da ba ya warkewa. Cikinsa iskar shaƙa ba ta isa, ƙwayoyi suna mutuwa, duk alamun rauni sun cika. Makrofaj ya iso, ya ga rauni, ya kama aikin da ya sani. Ya jawo jijiyoyin jini, ƙari ya samu abinci. Ya sassauta naman kewaye, ƙari ya samu hanya. Ya sallami masu faɗa, ƙari ya samu lafiya. Da ɗan gari kan ci gari.

An ga haka ƙuru-ƙuru a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York. A 2001 Jeffrey Pollard da Elaine Lin suka yi amfani da ɓeraye masu saurin kamuwa da kansar mama, amma waɗanda ba su da sinadarin CSF-1, wanda shi ke kira da raya makrofaj. Ƙari ya fito musu kamar sauran ɓeraye, sai dai ya yi jinkirin yin muni, kuma da ƙyar ya bazu zuwa huhu. A wannan kwalejin dai, John Condeelis ya ɗauki hoton bidiyo na cikin ƙarin ɓera mai rai. Aka ga ƙwayar kansa da makrofaj suna tafiya tare, wannan ta saki sinadarin da ke jawo wancan, wancan ya saki wanda ke jawo ta, har bakin jijiyar jini. A can wani makrofaj ɗin da ke manne da jijiyar ya sa bangonta ya buɗe na ɗan lokaci, ƙwayar kansa ta sulale cikin jini. Mafi yawan waɗanda kansa ke kashewa bazuwar nan ce ke kai su, ba ƙarin farko ba.

To me ya hana shi cinye ƙwayar kansar tun da fari? A 2000 Per-Arne Oldenborg ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wata shaida a fatarsu, CD47, wadda in makrofaj ya taɓa sai ya janye. Waɗanda ba su da ita, nan da nan saifa ke kwashe su. A 2009 ɗakin binciken Irving Weissman a Jami'ar Stanford ya gano cewa ƙwayoyin kansar jini suna tara wannan shaidar da yawa. Dabara ta fito fili: a rufe shaidar, maciyi ya ci. Aka haɗa magani mai suna magrolimab, ya yi abin mamaki a ɓeraye da gwajin farko, har kamfanin Gilead ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi kan dala biliyan 4.9 a 2020. Tun farko an san matsala ɗaya: in an rufe shaidar, tsofaffin jajayen ƙwayoyin mara lafiya ma ana cinye su, jini ya ragu, shi ya sa ake fara ba da kaɗan. Amma a 2023 da 2024 aka dakatar da manyan gwaje-gwajensa a kansar jini. Bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba, a wani gwajin ma mace-mace sun fi yawa ga waɗanda suka karɓe shi. Ɓera dai ba mutum ba ne.

Toshe kiran CSF-1 kuwa ya yi nasara a wani wuri. A 2019 Amurka ta amince da pexidartinib don wani ƙari na gaɓoɓi da ba ya bazuwa, wanda mafi yawan namansa makrofaj ne da 'yan ƙwayoyi marasa lafiya suka tara. Maganin yana iya yi wa hanta illa, kuma a kansa mai bazuwa irinsa bai yi wani tasiri shi kaɗai ba. Yanzu wasu sun koma neman hanyar sauya wa makrofaj hali maimakon kashe shi. A Jami'ar Pennsylvania an ciro ƙwayoyin daga jini, aka saka musu wata alama da za ta sa su gane kansa, aka fara gwada mayar da su jikin marasa lafiya. Wannan har yanzu gwaji ne.

Wata tsohuwar hanya kuwa tana aiki tun 1976, kuma tabonta yana dantsen yawancinmu. Allurar BCG da ake yi wa jarirai don tarin fuka ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. A shekarar nan Alvaro Morales, likitan mafitsara a Kanada, ya ba da rahoton zuba ta kai tsaye cikin mafitsarar masu kansar da ba ta nutsa cikin tsoka ba. Ana saka ta da siririyar roba sau ɗaya a mako har mako shida, mara lafiya ya riƙe fitsari kamar awa biyu. Makrofaj da sauran fararen ƙwayoyi su ji ƙwayar cuta, su taso da zafinsu na farko, su haɗa da ƙwayoyin kansar da ke bangon mafitsara. Har yau ita ce babban maganin da ake bai wa masu irin wannan kansar bayan an kankare ƙarin, don kada ya dawo.