Kafin a Sauke Kwantena a Limawa

Minna ba ta bakin teku, amma fanka da janareto da tayil da yadin da ake sayarwa a Kasuwar Kure da shagunan da ke kewaye da Limawa, da yawansu ta ruwa suka shigo ƙasar nan. Sukan yi makonni a cikin jirgi daga Sin ko Dubai, su sauka a Apapa ko Tinkan, sannan tirela ta biyo da su ta Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa da Bida. A irin wannan tafiya kaya kan jiƙe, su fashe, ko su ragu. In haka ta faru, akwai mutum guda da rahotonsa ke sa kamfanin inshora ya biya ko ya ƙi: safiyon kayan ruwa. Aikinsa shi ne ya gano abin da ya lalace, yawansa, sanadinsa, da inda ɓarnar ta auku. Abin da ke damuna shi ne 'yan kasuwarmu kan rasa haƙƙinsu tun a sa'ar farko da mota ta tsaya ƙofar sito, kafin ma a kira shi.

Bari mu fara da takarda, domin da ita safiyo ke farawa. Duk wanda ya buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya, a banki ya san sai ya haɗa da shaidar inshora daga kamfanin da ke da rajista a Nijeriya, ƙarƙashin hukumar NAICOM. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin cika sharaɗin banki kawai, sai su sayi mafi araha. To, inshorar kayan ruwa hawa uku ce, ana kiran su A da B da C, bisa sharuɗɗan da kasuwar inshora ta Landan ta tsara a 1982 ta kuma sabunta a 2009. C ce mafi araha. Tana biya idan jirgi ya nutse, ya kama da wuta, ya yi karo, ko motar da ta ɗauko kayan ta kife. Ba ta biyan sata, ba ta biyan jiƙewa. B ta ƙara da shigar ruwan teku ko na kogi cikin kaya. A kuwa ita ce ke ɗaukar kusan komai, har sata da ruwan sama, sai dai ban da ɓarnar da ta zo daga mummunan ɗauri, ko jinkiri, ko ɗabi'ar kayan da kansu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz, kuma tsarin binciken ɗaya ne.

Akwai layi guda a takardar da ya fi shafar ɗan Minna: inda tafiyar ta ƙare. In an rubuta Legas, nan inshorar ta tsaya, kuma duk abin da ya sami tirela tsakanin Bida da Minna na mai kaya ne. A tabbata an rubuta Minna. Ko da an rubuta, kariyar tana ƙarewa ne da zarar kaya sun shiga sito, ko kuma kwana 60 bayan sauke su daga jirgi, duk wanda ya riga zuwa.

Yanzu mota ta iso. Kafin yara masu dako su taɓa ƙofa, a zagaya kwantenar. A duba sil, wato makullin nan mai lamba, a ga ko lambarsa ta dace da wadda ejan mai fitar da kayan daga tasha ya turo. Kwastan kan fasa sil na asali lokacin bincike a tashar, don haka dole ejan ya faɗi lambar sabon da aka sa. A hau sama a duba rufin ko akwai huda ko tsatsa, a duba robar bakin ƙofa. A ɗauki hoto da bidiyo tun ƙofa na rufe. Da an buɗe aka ji warin damshi ko aka ga kwali ya saki, a dakata da saukewa. A rubuta abin da aka gani a kan takardar direba kafin a sa hannu, domin wanda ya sa hannu cewa ya karɓi kaya lafiya ya ba kamfanin jirgi da mai mota hujja a kansa. A ranar a kira kamfanin inshora, a ranar kuma a rubuta wa kamfanin jirgi da mai mota wasiƙar ɗora alhaki. Yawancin takardun inshora kwana 3 kacal suke bayarwa ga ɓarnar da ba a gani ba sai bayan buɗewa.

Galibin masu wannan sana'a suna Legas da Fatakwal, don haka zuwan safiyo Minna kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Jiran nan ne ke da wuya, ga kwastomomi na waya, ga mai mota na neman kuɗin kwana. Ya halatta, kai wajibi ne ma, mai kaya ya ware busassu daga jiƙaƙƙu don kada ɓarna ta yaɗu. Abin da bai kamata ba shi ne ya sayar da masu lahanin, ko ya zubar da kwalayen, ko ya saki kwantenar ba tare da yardar kamfanin inshora ba.

Idan safiyo ya zo, yakan shiga cikin kwantenar bayan an kwashe kaya, a rufe masa ƙofa. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa ya bi. Sannan ya yanki ɗan kwalin da ya jiƙe, ya jiƙa shi a tataccen ruwa, ya ɗiga masa wani sinadari da ake kira silba naitiret. In ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, akwai gishiri, alamar ruwan teku ke nan, kuma ɓarnar ta faru tun a jirgi. In ya tsaya garau, ko dai ruwan sama ne a Legas ko a hanya, ko kuma gumin kwantena ne, wanda ke taruwa a rufi ya ɗigo idan ƙarfe ya yi sanyi da dare bayan zafin rana. Tabon gumi yakan bazu a saman dukkan kayan, na huda kuwa yakan taru a wuri guda ya gangara ƙasa. Wannan bambanci kaɗai na iya raba wanda za a biya da wanda ba za a biya ba.

Daga nan sai lissafi. A ce mutum ya shigo da kwali 200 na fanka, kowane ya tsaya masa naira 100,000 har Legas. Al'adar inshorar ruwa ita ce a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin kaya da na jirgi, don haka an yi wa kowane kwali inshorar 110,000. Kwali 40 sun jiƙe. Safiyo ya bincika kasuwa ya ga masu tabon ba za su sayu ba sai a rabin farashi. Asarar ke nan rabi ce a kan kwali 40, wato 55,000 sau 40, naira 2,200,000, sai a cire ɗan kason da takardar ta ce mai kaya ne zai ɗauka. Mai kaya na da damar ya yi gardama a kan wannan kiyasi da rasit da farashin kasuwa, kuma yana iya ɗaukar nasa safiyon su duba tare. Bayan an biya shi, kamfanin inshora ne zai bi kamfanin jirgi ko mai mota da rahoton nan.

Wata asarar kuma kan zo ko kayanka ba su sami ƙwarzane ba. Tsohuwar ƙa'idar teku ta ce in an yi hasara ko an kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya a ciki za su raba nauyin. Haka aka yi da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez na kwana 6 a Maris 2021. Mai inshora, ko ta C ce, kamfaninsa ne ke tsaya masa. Marar ita sai ya ajiye kuɗi kafin a sakar masa kwantena.

Saura masu haɗaka: mutum biyar ko goma a kwantena ɗaya, a hannun ejan guda a Legas ko Kano. Inshorar tana da sunan wanda ya buɗe Fom M ne, kuma shi kaɗai kamfani ya sani. Kafin ka tura kuɗin kaya, nemi ganin kwafin takardar, ka duba ko A ce ko C, ka duba garin da ta ƙare, ka kuma sa a rubuta yawan kwalayenka da alamarsu a jerin kayan da safiyo zai ƙirga da shi.