Igiyar Hawa Bishiya: Wacce Za Ka Amince Mata Da Ranka?

Idan bazara ta kama, aikin kan bishiya yana yawa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Wani zai hau ɗorawa, wani mangwaro, makiyayi zai saro wa dabbobinsa ganye, masu zuma na yankin dajin Falgore kuma suna ɗora amya ko sauke ta. Yawancinmu duk igiyar da hannu ya kai gare ta ita muke ɗauka: ta guga, ta ɗaure akuya, ko ta ɗaurin kaya a babur. To, a nan hatsarin yake.

Abu na farko, ka raba igiya biyu. Wadda za ka ɗaura a jikinka daban, wadda za ka sauke reshe ko amya da ita daban. Igiyar da ta sha fizgar gungume ta riga ta jigata, ko da ido bai nuna maka ba. Kar ka sake ɗora ranka a kanta.

Igiyar rama, ta kaba da ta ɓawon kuka suna da daɗin riƙo, amma damshi yana ruɓar da su daga ciki, gara da ɓera kuma suna ci. Ka bar su wa ɗaurin dami da ƙananan kaya.

Igiyar roba mai launi, wadda ta cika kasuwanninmu, tana da araha, amma ka san araha ba ta ado. Rana tana cinye ƙarfinta, tana da santsi, ƙullinta yana kwancewa, kuma idan ta gogi reshe da gudu zafi yana narkar da ita. Ba ta hawa ba ce sam.

Masu sana'ar hawa bishiya a Turai da Amurka suna amfani da saƙaƙƙiyar igiyar nailan ko foliyesta mai kaurin milimita 11 zuwa 13, wadda ba ta miƙewa sosai, kuma takan jure nauyin kilo 2,200 kafin ta tsinke. Idan ka ga lambar EN 1891 a jikinta, alama ce an gwada ta don ɗaukar mutum.

Za ka ce, ni da ban wuce kilo 70 ba, me zan yi da wannan ƙarfi? Ƙulli kaɗai yana rage ƙarfin igiya da kashi ɗaya cikin uku, wani ma har rabi. Sannan idan ƙafarka ta zame, fizgar da igiyar za ta sha ta ninka nauyinka sau da yawa. Haka ma wajen sauke reshe: ɗanyen gungume mai faɗin santimita 30 da tsawon mita 1 yana kusan kilo 70. Don haka ka riƙa sara gunduwa-gunduwa, kuma kar kowa ya tsaya a ƙarƙashi.

Kafin kowane hawa, ka bi igiyar da hannu daga farko har ƙarshe. Idan ka ji wuri ya sirance ko ya ƙandare, ko ka ga zare ya tsittsinke, ko gari yana zuba idan ka murɗa ta, ta gama aiki. Ka yayyanka ta, kar yaro ya ɗauka. Mai kyau kuma ka shanya ta a inuwa, ka rataye ta nesa da man fetur, ruwan batir da maganin feshi.

Igiya ta ƙwarai tana da tsada ga mutum ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Ku haɗa kuɗi ku saya, ku naɗa mutum ɗaya ya riƙa dubawa da ajiyewa. Kuɗinta bai kai na ɗorin karaya ba, balle damina guda da maigida zai yi a kwance.