KREATOR: MAKAƊAN DA SUKA TASO A ƘASAR KWAL

A yammacin ƙasar Jamus akwai wani yanki da ake kira Ruhr, wanda ya yi suna wajen haƙar kwal da narkar da ƙarfe. Ɗaya daga cikin manyan garuruwansa shi ne Essen, mazaunin kamfanin nan na Krupp. To, daga wajen shekara ta 1958 sai kasuwar kwal ta soma faɗuwa, aka shiga rufe ramuka ɗaya bayan ɗaya, har samarin wurin suka tashi ba su da tabbacin za su gaji aikin iyayensu.

Cikin wannan hali ne, a shekara ta 1982, waɗansu 'yan makaranta uku na Essen suka haɗa ƙungiyar kiɗa. Shugabansu Mille Petrozza, wanda ko shekara goma sha biyar bai cika ba a lokacin, shi ne mai jita. Jürgen Reil, da ake yi wa laƙabi da Ventor, ya riƙe ganguna. Na ukunsu kuwa Rob Fioretti ne. Sun fara da sunan Tyrant, suka koma Tormentor, daga baya suka tsaya a kan Kreator.

Irin kiɗansu shi Turawa ke kira thrash metal. Mai karatu kada ya zaci abin rawa ne na shaƙatawa. Jitar tasu da lantarki take aiki, ana ƙara mata amo har ta zama kamar rugugin inji. Mai ganguna yana duka da hannu biyu da ƙafa biyu cikin matsanancin sauri. Mawaƙin kuma ƙaraji yake yi da kakkausar murya, yawanci a kan yaƙi da zalunci da mutuwa. Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce kurum. Amma fa tana da ƙa'ida, kuma riƙe wannan sauri ba tare da kuskure ba sai an sha wuyar koyo.

Kamfanin Noise na Berlin ya fid da faifansu na fari, Endless Pain, a 1985. Na biyu, watau Pleasure to Kill na 1986, shi ne ya kai sunansu ƙetare, don makaɗa da yawa na Amurka da Suwidin, waɗanda suka kafa salon da ya fi wannan tsanani, mai suna death metal, sun ɗebi darasi daga gare shi. Tun daga nan akan lissafa Kreator tare da Sodom na Gelsenkirchen, da Destruction, da Tankard, a ce su ne manya huɗu na wannan kiɗa a Jamus. A 1990, 'yan watanni bayan faɗuwar katangar Berlin, suka yi wasa a gabashin birnin, gaban samarin da a da sai a ɓoye suke samun faifansu.

Sa'an nan wuya ta zo. Yayin thrash metal ya ja baya, su kuwa daga faifan Renewal na 1992 har zuwa Endorama na 1999 suka yi ta sassauta kiɗan, suna gwada sababbin launuka. Tsofaffin masoya da yawa suka juya musu baya, sababbi kuma ba su zo da yawan da zai maye gurbi ba. A ganinmu ba duk abin da suka yi a shekarun nan ne ya lalace ba, sai dai jama'arsu ba shi suka zo nema ba.

A 2001 Petrozza ya komo kan tsohuwar hanya da faifan Violent Revolution, tare da sabon mai jita, Sami Yli-Sirniö, mutumin ƙasar Finlan. Sauri da zafin nan na da suka dawo, amma yanzu da daɗin sauti da ƙwarewar manya. Kasuwa ta sāke buɗewa sannu a hankali, har a 2017 faifansu Gods of Violence ya zo na ɗaya cikin jerin faifan da aka fi saye a Jamus, shekara talatin da biyar bayan kafuwarsu.

A watan Disamba na 2018 aka rufe ramin kwal na ƙarshe a Ruhr, a garin Bottrop, maƙwabcin Essen. Petrozza da Ventor kuwa suka ci gaba da aiki, suka fid da wani faifan, Hate Über Alles, a 2022.