Wasan Whot A Gida: Tun Ran Gini Ran Zane

Lokacin hutun Kirsimeti ne, yara sun komo daga makaranta. An ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai wani yaro ya fito da karta daga aljihu. Ba a jima ba gardama ta kaure. Babban ya ce a ɗauki biyu, ƙaramin ya ce ai ya tare. Uwa ta zo ta kwashe kartar, ta ce ba za a yi mata caca a gida ba. Mun sha ganin haka, shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wannan wasa da ake kira Whot, domin iyaye su san abin da 'ya'yansu suke yi.

Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙago wasan a Ingila, aka yi rajistarsa a 1935. Daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga shi. Amma a Nijeriya ne ya sami gindin zama.

Kartar da ake sayarwa a ƙasar nan guda 54 ce, zane iri biyar: ƙwallo 12, mai kusurwa uku 12, gicciye 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7. Sauran 5 ɗin su ne Whot, masu lamba 20. Babu lamba 6 ko 9 a ciki.

Ga yadda ake yi. A gauraya karta, a ba kowa biyar ko shida. A buɗe ɗaya a tsakiya, sauran a kife su gefe, su ne "kasuwa." Wanda layi ya zo kansa zai sa karta mai zane ɗaya ko lamba ɗaya da wadda take sama. Misali, in gicciye 7 ne a sama, sai ya sa kowane gicciye, ko kuwa 7 na wani zane. In ba shi da ita, ya tafi kasuwa ya ɗauki ɗaya. Wanda ya fara ƙare kartar hannunsa shi ya ci.

Waɗansu lambobi suna da aiki na musamman:

1: kowa ya dakata, mai ita ya sāke sa wata.
2: na gaba ya ɗauki biyu.
5: na gaba ya ɗauki uku.
8: a tsallake na gaba.
14: kowa ya tafi kasuwa, ban da mai ita.
20: tana hawa kan kowace karta, mai ita ya faɗi zanen da yake so.

In karta ɗaya ta rage wa mutum, dole ya faɗa da ƙarfi, "Saura ɗaya!" In ya manta, sai ya ɗauki tara a kasuwa. Bayan wani ya ci, sauran su ƙirga lambobin hannunsu. Tauraro ana ninka shi biyu. Wanda aka bari da tauraro 7, da gicciye 13, da Whot, yana da 14 da 13 da 20, wato 47. Mai yawan lamba shi ne na baya.

To, ina faɗa yake fitowa? Dalilin shi ne kowace unguwa da kowace makaranta da tata doka. A wani wuri, in aka sa maka 2 kana iya tarewa da taka 2, na gabanka ya ɗauki huɗu. A wani wuri ba a tarewa. Waɗansu ba sa ba 5 wani aiki. Waɗansu sun hana a ƙare wasa da 14 ko 20. Yaran nan biyu na kan tabarma, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Makarantarsu ce ba ɗaya ba.

Saboda haka shawararmu ita ce, kafin a raba karta a shirya a kan abu huɗu: nawa za a ba kowa, ko ana tarewa, da wace karta aka yarda a ƙare, da kuma tarar wanda ya manta "saura ɗaya." Uba ko uwa su rubuta a takarda a ajiye tare da kartar. Tun ran gini ran zane.

Game da tsoron uwar nan kuwa, ba mu raina shi ba. Karta ta cinye albashin magidanta da yawa, ta bar iyali da yunwa. Amma kuɗin da aka zuba shi yake mai da wasa caca. Kada a yarda a sa ko kwabo, ko alewa, ko gyaɗa, gama daga ƙarami ake farawa. Kada kuma wasa ya ci lokacin aikin gida ko addu'ar dare.

In iyaye suka zauna tare da yara, za su ga mai leƙen hannun ɗan'uwansa, da mai ɓoye karta a ƙarƙashin cinya, da mai fushi in an cinye shi. Nan ne wurin gyara, tun icce yana ɗanye. Ƙaramin yaro kuma zai koyi lissafi da jiran layinsa ba tare da bulala ba. A daren nan, ku sa yaranku su koya muku.