Zanen barkwanci: Gasar da ake ci da ƙarfin hali

A shekarar 2006, Kofi Annan, yana Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haɗa kai da Plantu, mai zanen jaridar Le Monde ta Faransa, suka kafa ƙungiyar Cartooning for Peace. Daga baya aka fara ba da lambar yabo a birnin Janiba ga masu zanen barkwancin da ke kare haƙƙin ɗan Adam.

Ba kyan zane kaɗai alƙalan ke aunawa ba, suna duba kasadar da mai alƙalamin ya ɗauka. A 2016 lambar ta tafi ga Gado, wanda jaridar Daily Nation ta Kenya ta sallama bayan ya daɗe yana zungurar masu mulki, da Zunar na Malesiya, da aka gurfanar bisa zargin tunzura jama'a.

Mu ma ba mu rasa gwanaye ba, ga Mustapha Bulama nan. Abin zanawa kuwa tuli: lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar bisa takunkumin ECOWAS a 2023, har zuwa Maris 2024, shugabanni ne suka yi rigimar, amma tirelolin fatake ne suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela. Tun 1979 ƙungiyar ta yi wa waɗannan fatake alkawarin zirga-zirga ba shamaki.