Ko Ka San Dalilin Haɗa Bututun Salansa Biyu a Ƙarƙashin Mota?

Ko ka san cewa injin mota mai fulogi takwas, idan yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, yana tura hayaƙi cikin salansa sau 200 a kowace daƙiƙa? Mai fulogi huɗu kuma sau 100. Kunne yana jin ruri ɗaya miƙaƙƙe, amma abin da ke bi ta bututun dunƙule-dunƙulen iska ne mai zafi, wani na bin bayan wani. Yadda aka tsara wa waɗannan dunƙule hanya shi ke sauya muryar mota, kuma yana taɓa ƙarfinta.

A Tudun Wadan Zariya, inda garejin makanikai da rumfunan masu walda suke jere a bakin titi, ba abin mamaki ba ne ka ji saurayi ya kawo mota yana cewa, "Oga, so nake a yi mata salansa biyu, ta riƙa gurnani." Wani ya ga hoton bututu mai siffar X a waya, wani ya ji labarin mai siffar H. Kafin a kunna wutar walda, akwai abin da ya kamata mai mota da mai walda su fahimta tare.

Daga ina hayaƙin yake fitowa?

Injin fetur na yau yana bin tsarin nan mai mataki huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876. Fistin ya zuƙo iska da mai, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, sannan bawul ya buɗe a kori hayaƙi. Kowace silinda tana ba da wuta sau ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, wato digiri 720.

Yawancin motocin da ke bin titunanmu, irin su Corolla, Golf, da Peugeot 504 da 406 na kamfanin PAN da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, silinda huɗu gare su a layi ɗaya. Hayaƙinsu yana taruwa a manifol ɗaya, ya bi bututu ɗaya. A irin wannan injin babu ɓangare biyu, don haka babu abin da za a haɗa. Maganar H ko X ba ta shafe su ba sam.

Injin V6 mai silinda shida da V8 mai silinda takwas kuwa silindoginsu sun rabu gida biyu, dama da hagu, kowane gida da manifol ɗinsa. A nan ne tambayar take tasowa: a bar bututun biyu kowa ya kama gabansa har baya, ko a sada su a tsakiya?

Sirrin gurnanin V8

Wannan shi ne wurin da abin ya fi daɗin sani. Injin V8 yana ba da wuta a duk digiri 90. Da a ce wutar tana tafiya dama, hagu, dama, hagu babu tangarɗa, da kowane bututu ya samu rabonsa daidai wa daida. Haka injin V8 na motocin Ferrari yake, shi ya sa muryarsa take da kaifi. Amma galibin V8 da muka sani, na Ford da Chevrolet da Toyota da Lexus, suna amfani da karanshaf mai siffar gicciye, irin wanda Cadillac ta fito da shi a 1923 don rage jijjigar inji. A wannan tsarin, akwai lokacin da silinda biyu na gefe ɗaya suke ba da wuta a jere. Tazarar da ke tsakanin dunƙulen hayaƙi a bututu guda sai ta zama digiri 180, sannan 90, sannan 180, sannan 270. Wannan rashin daidaito shi ne gurnanin da ake so a ji.

Sai dai abin da ya yi wa kunne daɗi yana takura wa inji. Lokacin da dunƙule biyu suka cunkushe a bututun dama, na hagu kusan fayau yake. Kamar fitowa ce daga masallacin Juma'a ta lungu biyu: wannan ya cika maƙil, wancan babu kowa, to idan akwai ɗan lungu da ya ratsa tsakaninsu, sai mutane su rarrabu, kowa ya wuce da sauri. Aikin bututun haɗi ke nan. Yana raba matsi tsakanin gefen biyu, kuma yana rage ƙara kaɗan.

Akwai ƙarin fa'ida. Duk dunƙulen hayaƙi da ya wuce da gudu yana barin raguwar matsi a bayansa, wadda ke janyo na bayansa. Idan silinda ta wofince sosai, sabuwar iska da mai za su shiga da yawa, inji ya ƙara ƙarfi.

Shi kuwa V6 na zamani wutarsa tana karɓa-karɓa tsakanin dama da hagu a duk digiri 120, kowane gefe yana samun nasa a tazara ɗaya. Saboda haka ribar bututun haɗi a wurinsa ba ta kai ta V8 ba.

H, X da Y: wanne ne wanne?

Mai siffar H bututu biyu ne a jere, da guntun bututu da ya gitta tsakaninsu. Hayaƙi ba ya ƙetarewa da yawa, matsi ne kawai ke daidaituwa. Muryarsa tana da kauri da zurfi, kuma an san shi da taimaka wa inji a ƙananan juyi, wato lokacin tashi daga tsaye ko jan kaya. Ford ta daɗe tana fitar da Mustang mai V8 da irinsa tun daga masana'anta. Shi ne kuma mafi sauƙin haɗawa ga mai walda.

Mai siffar X kuwa bututun biyu ne suke karkatowa su haɗe a wuri ɗaya, sannan su sake rabuwa. Hayaƙin kowane gefe yana ratsa mahaɗar, yana jan na ɗaya gefen. Amfaninsa ya fi bayyana idan an taka totur inji ya hau manyan juyi, muryarsa kuma ta fi siriri da santsi, irin ta motocin tsere. Amma yana buƙatar hannu mai kyau. Idan mahaɗar ta matse ko walda ta bar tudu a ciki, ya zama shinge maimakon hanya.

Mai siffar Y shi ne ke tattara biyu su koma ɗaya. Da shi yawancin motocin V6 'yan Kwatano suke zuwa, irin su Camry da Lexus, haka ma manyan jif da yawa masu V8. Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: mota da dama da ka gani da bakin salansa biyu a baya, bututu ɗaya ne ya taho tun daga gaba, sai daf da ƙarshe aka raba shi. Leƙa ƙarƙashinta ka gani. Irin wannan ba ta da gurbin H ko X sai an sauya tsarin gaba ɗaya.

To wanne ya dace da titunanmu?

Bambancin ƙarfi tsakanin H da X a motar da ba a taɓa injinta ba ɗan kaɗan ne, wanda direba zai yi wuya ya ji shi a ƙafarsa. Motar da ke wuni tsakanin Ƙofar Doka da Kongo da Sabon Gari, tana kutsawa cikin 'yan acaɓa da Keke Napep, rayuwarta a ƙananan juyi take. Idan V8 ce mai bututu biyu na gaske, H ya wadatar. Wanda ya fi son siririyar murya, kuma yawan tafiyarsa a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano take, zai iya zaɓen X. Mai V6 da ta zo da Y, barin ta yadda take ya fi masa alheri.

Idan an yanke shawarar yin aikin, a kula da waɗannan. A sa mahaɗar kusa da inji gwargwadon iko, bayan tukwanen tace hayaƙi. Kada ta sauko ƙasa da jikin mota, domin tudun rage gudu da ramukan damina ba sa raga wa salansa. A bar wurin da za a iya sauke giyabos ba tare da an yanke bututu ba. A nisanta ƙarfe mai zafi daga tiyon mai da na birki. Kuma kada a ruɗu da faɗi: bututun da ya yi wa inji girma yana rage gudun hayaƙi, mota ta yi nauyin tashi. Inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi a kowane gefe shi ne abin da aka saba sa wa V8 ta hawan yau da kullum. Ko daga Panteka ta Kaduna aka samo ƙarfen ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, a zaɓi mai kauri, a lanƙwasa shi ba tare da ya motse ba.

Abin da bai kamata a taɓa ba

A cikin salansa akwai tukunyar tace hayaƙi mai ɗauke da wani abu mai ƙananan ramuka, wanda makanikai ke kira indomi. An shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farautarsa a saya. Tun motocin 1975 aka fara sa shi gadan-gadan a Amurka. Aikinsa shi ne mayar da iskar guba, ciki har da kabon monoksaid, zuwa mai sauƙin illa. Sau da dama lokacin gyaran salansa ne ake fasa shi a kwashe, wani sa'in da sanin mai mota, wani sa'in ba da saninsa ba. Bayan haka sai fitilar inji ta kama a gaban direba, hayaƙi ya riƙa wari, mai sayar da rake a bakin titi da yaran makaranta su shaƙa.

Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, kuma shi ne gubar da ke kashe iyali idan an kwana da janareta a cikin gida. Walda mai yoyo a ƙarƙashin kujera tana iya shigo da shi cikin mota, musamman idan an rufe gilasai. Don haka bayan kowane aiki a tayar da inji, a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya a tabbatar babu inda iska ke fita.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin ka biya kuɗin aiki, ƙirga fulogin motarka, ka sa a ɗaga ta ka ga bututu nawa ne suka fito daga inji, ka tsaya a wurin har a gama, sannan ka tabbatar indominka yana nan inda masana'anta ta sa shi.