Metiron, Uwar da Ke Kwana da 'Ya'yan Mutane

A makarantun kwana na 'yan mata, daga Birnin Kebbi har Argungu, da zarar malamai sun watse, ragamar yara sai ta koma hannun metiron. Ita ke tayar da su sallar asuba, ta duba shara da shimfiɗa, ta raka marar lafiya ɗakin magani, ta raba faɗa a bakin famfo. Mama yaran suke ce mata.

Amma babban jarin sana'ar nan ido ne da kunne. Metiron da ta goge ba ta jiran a kawo mata ƙara. A ɗakin cin abinci take gane wadda ta fara ture kwanon tuwonta. Da hantsi, idan ta ga katifa an shanya a ɓoye bayan ɗaki, ta san wata 'yar aji ɗaya ta koma fitsarin kwance. Ba za ta tanka a gaban jama'a ba, domin a ranar za a laƙaba wa yarinyar sunan da zai bi ta har ta gama makaranta. Sai ta kira ta da sunan za ta yi mata tsifa, tana tsefewa tana tambaya, "'Yata, me ke damunki?" Amsar farko kusan kullum ita ce, "Ba komai, Mama." Sai da lallashi zance ke fitowa: kewar gida ce, ko cin zalin siniyoyi, ko an saki mahaifiyarta, ko kuwa ana maganar aurar da ita kafin ta zauna jarrabawar WAEC.

Tun ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, nauyin ya ƙaru, sannan harin makarantar Maga ya biyo baya a Nuwamban 2025. Labarin ya shiga kowane ɗakin kwana a jihar Kebbi. Ƙarar babura da tsakar dare ta isa ta hana yarinya barci, kuma gadon metiron za ta nufa.

Wurin da sana'ar ke da rauni shi ne ranar da ɗaliba ta faɗi tana ihu, wasu suka biyo ta. Nan take sai a ce iska ce, a aika neman mai ruƙiyya. Addu'a ba ta da laifi, amma firgici da ciwon damuwa da farfaɗiya suna da magani a asibiti, kuma yarinyar da ta furta cewa ta gaji da rayuwa, maganarta ba ta jiran wayewar gari. Yawanci da tausayi da gogewa kaɗai metiron ke fuskantar wannan.

Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya yi tanadin masu ba ɗalibai shawara, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai ba da shawara dai da rana yake aiki, metiron ke nan da dare. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ga na masu taɓin hankali a Kware kusa da Sakkwato. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta jiha ta haɗa su, a riƙa horar da waɗannan iyaye mata a lokacin hutu, a koya musu alamomin da ke sa a garzaya da yarinya wurin likita, a kuma biya su albashin da ya dace da amanar da ke hannunsu.